Fatar da Ke Ƙarƙashin Murfi

Ranar da Sirajo ya fara zuwa rumfata
a buhun taki ya ƙunso ƙahon tagulla.
Saksofon, in ji shi. Ya saya hannun tsohon ɗan sanda
da numfashi ya ƙare masa a bandin bariki.
Maɓallai uku na yoyon iska.
Na ce ni baduku ne, kube na sani da jaka,
wannan dabba ban taɓa jin kukanta ba.
Ya ce, Baba Ɗankane, ɗaga murfin ka gani.
Na ɗaga. Ashe fata ce,
ta bushe ta tsage kamar kaushin manomi.

Na yanko ta jar akuya, jimar bagaruwa,
na fefe ta har rana na leƙowa ta ciki,
na liƙa da ƙaro.
Ya busa. Jakin mai itace ya amsa masa.

Shekara biyu yana damun Runjin Sambo,
a bayan injin ƙanƙara, inda ƙara ke rufa masa asiri.
Sai biki a Mabera, ladansa kwanon shinkafa.
Sai rediyo. Sai motar dare zuwa Ikko.
Sai muka gan shi cikin wayar yara,
ido rufe, kumatu irin na kakansa mai algaita.

Teburin mai shayi a Gawon Nama ya rabu biyu.
Lawwali direba ya ce, wagga busa ta Nasara ta,
ɗa ya yada gado ya ɗauko ƙarhen wasu.
Malam Nafi'u, mai koyar da tarihi, ya aje kofi:
baƙar fata suka haifi kiɗan nan, Lawwali,
jikokin waɗanda aka ƙetara teku da su cikin mari.
Kayanmu ne ya yi yawo ya dawo.

Inna Kulu tana juya masa, ba ta ɗago ba.
Ta ce, to su waɗanda aka ƙetarar,
wa ya raka su bakin ruwa?
Cokula suka yi ta zagaye a kofunan da sukari ya riga ya narke.

Da hoto ya zo, ga Bature a gefensa yana taɓa fiyano,
sai suka yi musayar benci.
Malam ya ce an sake wawure mu, kuma da hannun ɗanmu.
Lawwali ya ce, kai, Turawa na tahi mai tsaye!
Ya liƙa hoton a gilashin motarsa.

Ni dai ɗinki nake.
Fatun kakana sun bi raƙuma sun haye hamada,
can aka raɗa musu sunan wata ƙasa,
aka yi wa littattafai riga da su.
Akuyar ba ta ji ba. Kakana ya ji, ya ci gaba da jima.

Bara da bazara ya dawo, ya rame,
ya zauna kan turmin da ya saba.
Ya ce, can sun ce in sa babbar riga su ga Afirka,
nan an ce in cire kwat a ga ɗan gida.
Ba wanda ya tambaye ni yadda na kwana da sauti ɗaya
wata huɗu kafin ya yarda da ni.

Ya buɗe akwati mai kilisa a ciki,
sabon ƙaho, kuɗinsa ya sayi gona.
Ya ce fatar kamfani ba ta kama bakin ramin
yadda tawa ke kamawa.
Ƙarya yake, ina zato. Na karɓa.

Kafin la'asar ya gwada:
wani zancen algaitar kakansa,
ya lanƙwasa shi har na kusa ɓata, sannan ya maido ni.
Lawwali ya tsaya da mota a tsallaken titi.
Malam na bayan rumfa, wai takalmi ya kawo gyara.

Saura maɓallai goma sha tara.
Na lashi babban yatsa, na auna na gaba.